Layi Ukun Da Na Tsallake

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban yara da 'yan biyu. Allah Ya ƙara wa Gwaggo sauƙin ciwon bayan nan, Ya ba ku haƙurin jinya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mama ta warware sosai, har ta koma faɗa da mai gyaran famfo, kin ga kuwa lafiya ta samu. Mutumin naki, maigidana Injiniya, yana gaishe ki, ya ce wai in tambaye ki ko har yanzu kina nan a kan bakanki cewa ƙanwarki ba za ta iya dafa ruwan zafi ba tare da ta ƙona shi ba. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na gwada sau biyu na fasa. Bakina bai kai hannuna iya magana ba, ke kuma ba kya barin mutum ya kai aya.

Labarin wata Laraba nake so in ba ki, ta makon jiya, domin tun daga ranar ban sake kallon gidana da mijina da idon da ba. Da misalin sha ɗaya na safe ina baranda ina shanya, littafina a kife a kan bokiti, sai na ji ana buga ƙofa. Ina leƙawa na ga Ɗan Kwalisa, babban abokin Injiniya ɗin nan da kika ce turarensa na riga shi sallama, riƙe da leda cike da sababbin littattafai. Wata takwas rabona da shi. Amma bari in koma baya, kada in yi miki irin na marubutan da ke fara labari daga tsakiya su bar mutum yana lalube.

Kin san dai kamfanin su Injiniya ƙafar roba suke yi wa waɗanda aka yanke wa ƙafa. Abin da ni ma sai kwanan nan na gane shi ne, abu biyu ke riƙe da kamfanin. Na farko gwiwa, wadda ke lanƙwasawa in mutum zai zauna, ta kulle kanta in ya taka. Ita Baba Likita, mai kamfanin, ya yi mata rajista, yana da takardar mallaka. Kowa na iya zuwa ya karanta yadda aka ƙera ta, amma ba mai ikon ƙerawa ya sayar sai da izininsa. Na biyu safa, wata roba mai laushi da ake zura wa dungun ƙafar kafin a ɗora ta roba, don kada ta goge fata. Ita ba a yi mata rajista ba, wai in ka yi rajista dole ka bayyana haɗin ga duniya. Sai aka bar ta a sirrance cikin wani tsohon littafi mai baƙin bango, a kabad mai makulli, a ɗakin haɗi. Injiniya kaɗai ke shiga ya haɗa, ya turo ƙofa. Har hannu ya sa a takarda cewa littafin ba zai ƙetare ƙofar kamfani ba.

To, Yaya, ya ƙetare, kuma a kan teburin cin abincinmu ya sauka. Watanmu ɗaya da aure a lokacin. Baba Likita ya ce littafin ya tsufa, mai da gumi sun cinye rabinsa, Injiniya ya sake rubuta shi da hannunsa a sabo, ban da kwamfuta, ban da sakatariya. Kin ga rubutun mutumin naki ai, kamar kyankyaso ya faɗa tawada ya bi ta kan takarda. Mako biyu yana fama, shafi uku ya yi, su ma da ya karanta mini sai da ya tsaya yana tambayar kansa me ya rubuta. Ni kuma ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, sai ƙirga motocin da ke wucewa ta ƙasan tagarmu. Na roƙe shi, na yi shagwaɓa, na yi fushin ƙarya, har ya sako littafin a ƙasan jakarsa, ya lulluɓe shi da rigar aiki. Kwana huɗu na yi ina kwafa da biro shuɗi, ina ja wa kowane shafi layi da rula. Ban taɓa jin ni matar wani ce ba kamar a kwana huɗun nan.

Sai dai kin san halina. Na yi wa kaina doka, in na kwafe shafi ɗaya zan saka wa kaina da babi ɗaya na littafin da nake karantawa. Labarin wata malamar makaranta ce da ta shekara biyar tana jiran wasiƙa, alhali wasiƙar na nan ta maƙale a bayan durowa. Ban tsaya nan ba ma. Na ga maganganun Injiniya sun bushe ƙamas, ba gishiri ba mai, sai na riƙa yi musu ado. Inda ya ce a juya a hankali, ni na rubuta a juya a hankali kamar mai lallashin jariri. Inda ya ce har ya yi kauri, na sa har ya yi nauyi kamar zuciyar mai kewa. Da ya karɓa ya duba shafin farko, ya gyara zaman tabarau, ya ce ya yi kyau. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na kwana biyu ina jin haushi, don a littattafaina da namiji ya yi shafi guda yana yabo.

Shi kuwa Ɗan Kwalisa a sashen gwiwa yake, shekara bakwai. Shi ke kawo mini aron littattafai daga wurin ƙanwarsa, in karanta in mayar, da rubutuna a gefen shafi inda nake zagin mugaye ina ba jarumai shawara. A raina na riga na ba shi matsayin amintaccen abokin jarumi, wanda ke zuwa da mota a babin ƙarshe. Bara, lokacin da aka kwantar da Mama muka kwana uku a asibiti, shi Injiniya ya bar wa makullan ɗakin haɗi da na kabad. Bayan wata biyu ya ajiye aiki, ya ce zai shiga harkar kayan gini. Ashe rumfa ya kama a bayan tashar mota, da ma'aikata biyar, yana ƙera ƙafafu da gwiwa irin tasu sak, har da safa, ya sa musu wani suna yana sayarwa da araha. Kamfani ya kai ƙara. Duk wannan Injiniya bai faɗa mini ba sai sama-sama. Na ga dai yana ramewa, yana barin shayinsa ya huce, na ɗauka aiki ne.

Mu dawo Laraba. Da yake maigidan ba ya nan, a bakin ƙofa muka tsaya, maƙwabciyarmu matar direba tana share matakala, tsintsiyarta na tafiya a hankali kamar mai jin barci. Ya gaishe ni da Amarya kamar yadda ya saba, ya ce wai na yi ƙiba, abokinsa ya iya kiwo. Ya miƙo ledar. Sannan ya fito da waya ya nuna mini hoto. Yaya, rubutuna ne, da layin rulata, da jaririn da ake lallashi. Ya ce tun ganin farko ya gane hannuna, ai ya sha karanta faɗan da nake yi wa mugaye a gefen shafi. Ya ce ya bi littafin nan harafi da harafi, amma safarsa tana cin fatar mutane da zarar sun yi gumi, don haka lalle akwai abin da aka bari, ko zan tuna? Wai ba don kansa ba, don bayin Allah da ke shan wahala. Daga nan sai ya sassauta murya ya ce shi ba ya son abin ya yi nisa, domin in kotu ta tono waye ya rubuta littafin da kuma inda aka rubuta shi, abokinsa ne farkon wanda za a nuna wa ƙofa. Ya ƙara da cewa shi ba ɓarawo ba ne, wani ƙarfe mai tsalle da ke cikin gwiwar dabararsa ce, amma ko sunansa ba a sa a takardar ba.

Ban san me na ce masa ba. Na dai san na mayar masa da ledar, kuma wallahi Yaya sai da na karanta bayan bangon na saman kafin in sake ta. Matar direba ta ce mini daga baya wai fuskata ta yi kamar an aiko mini da mutuwa. Na koma baranda na tarar na shanya riga ɗaya a kan wata.

Da la'asar Injiniya ya dawo. Na bari ya wanke hannu ya ci abinci, sannan na faɗa masa komai. Na zaci zai tashi ya buga tebur, ko ya ɗauki makullin babur ya fita neman mutumin. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da gefen riga, ya ce e, akwai layi uku da na tsallake. Wai maganar a bar shi ya huce ta zo sau biyu a shafi ɗaya, na tashi daga ta farko, da na dawo na ɗora daga ta biyu. Na lissafa, daidai wurin ne malamar makaranta ta jawo durowa. Layukan nan uku su ne ke fitar da ragowar sinadarin da ke ƙona fata. Kada ki tambaye ni me suka ce, na koyi darasi, ko ke ba zan rubuta wa ba.

Na tambaye shi yaushe ya gano. Ya ce washegarin ranar da na ba shi, shekara biyu ke nan. Na ce to me ya hana shi faɗa mini, ko ya cike da kansa? Ya ce ya buɗe biro zai cike, ya kalli shafin, ya ga ba zai iya zuba ƙazamin rubutunsa a tsakiyar nawa ba. Faɗa mini kuwa, ya tuna yadda na miƙa masa littafin da hannu biyu ina murmushi, ya ce gobe. Goben ce ba ta zo ba. Da ma shi da ka yake aiki, sabon littafin ya zauna a kabad ba mai buɗewa. Wai wani lokaci in aiki ya yi masa zafi yakan ciro shi ya karanta wurin zuciyar mai kewa, ya mayar. Yana faɗin haka yana kallon gishirin da ke kan tebur kamar da shi yake magana.

Yaya, na karanta littattafai sun fi ɗari biyu. Na ga jarumin da ya tsaya a ruwan sama, na ga wanda ya sayar da gidansa, na ga wanda ya yi magana shafi huɗu ba numfashi. Shekara biyu ina yi wa mijina kallon mutumin kirki wanda Allah bai ba baki ba, ina ɗan jin tausayin kaina a ɓoye. Ashe tasa wasiƙar tana kulle a kabad ɗin ɗakin haɗi. Na yi kuka, na yi dariya, na kuma yi masa faɗa, don shirun nasa bai tsaya a kanmu ba. Bai kare kansa ba. Ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi ya tsaga bangon, ba ni ba.

Ga inda maganar ta tsaya. Ta gwiwa mai sauƙi ce tunda akwai takarda, sai dai lauyan kamfani ya ce za ta ja lokaci. Na tambayi Injiniya zancen ƙarfen nan mai tsalle, bai musa ba, ya ce Ɗan Kwalisa ya taimaka ƙwarai kuma ya kamata a ce an yaba masa, amma duk sun sa hannu cewa abin da aka ƙirƙira a kamfani na kamfani ne. Ta safa ce ta cije. Ɗan Kwalisa ya rantse shi ya ƙirƙiro tasa. Kotu ta sa ya kawo takardar da yake ba ma'aikatansa, an buga ta a kwamfuta. Da lauya ya nemi littafin kamfani don a gwada, Injiniya ya miƙa tsohon, mai baƙin bango. Kalmomin ba su zo ɗaya ba, matakan ma ba su zo ɗaya ba, sai lauyan wancan ɓangare ya ce to kun gani, hanya daban ce. Alhali a taron da aka karanta takardar, Injiniya yana zaune ya ji an karanto jaririn da ake lallashi, lauyoyi na dariya, shi yana zufa. In aka fito da littafina, magana ta ƙare, don ga adona ga giɓina, duk an kwafe. Amma dole wadda ta rubuta ta tsaya ta ce ita ce, ta faɗi rana da wuri. Daga nan Baba Likita zai san an karya masa doka, an kuma ɓoye masa. Mutum ne mai kirki, amma ya taɓa sallamar ɗan ƙanwarsa a kan abin da bai kai wannan ba. Gidan nan da muke ciki ma na kamfani ne.

Injiniya ya ce shi ya gaji da ɓoyo, amma ba zai buɗe baki ba sai na yarda, don ni za a tsayar a gaban mutane, a karanta kalamaina ana dariya, a tambaye ni wace makaranta na gama. Na gaya wa Mama. Ta ce in rufa wa mijina asiri in rufa wa kaina, manya su ƙarata can, wai wa ya aike ni rubutu tun farko, da ma ta sha faɗa littattafan nan sai sun ja mini. Ban ga laifinta ba. Na zauna na kalli ɗakina, labulen da na ɗinka da kaina, da kantar littattafan da ya kafa mini a karkace, da tagar da rana ke shigowa ta kwanta a kan tabarmar salla da hantsi. Ina son gidan nan, Yaya, ba kaɗan ba.

Ranar Asabar na ce ya tafi da ni kamfanin, ban taɓa wuce bakin ƙofa ba. Ya bar ni a ɗakin jira, mai dogayen kujeru da ƙarfen dafawa a jikin bango, wani dattijo na koyon taku yana ƙirgawa da ƙarfi. Kusa da ni wata tela ce, za ta yi sa'arki, da ƙafar robarta a jingine a cinya kamar jaka. A wurin Ɗan Kwalisa ta saya, ta zo nan neman taimako. Ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce wai ƙafarta ta asali da mota ta ɗauke ba ta taɓa yi mata rashin mutuncin da wannan ta saye ta yi mata ba. Muka yi dariya. Sannan ta ɗaga zane ta nuna mini. Ba zan kwatanta miki ba. Ta ce mako biyar ba ta hau keke ba, ga ɗinkin kayan makaranta jibge, masu kaya na ta sintiri. Abin da ya fi tsaya mini, ta ce ita ta ɗauka laifin fatarta ne, wai da ma can jikinta ba ya son abin zamani. Gani ya kori ji. Ɗan Kwalisa ne ya yi sata, shi ya sayar ba tare da gwaji ba, wannan na sani, kuma ba zan ɗauki kayansa in ɗora a kaina ba. Amma giɓin da ke cin matar nan da birona aka yi shi, kuma muddin muna shiru, rumfar bayan tasha a buɗe take.

Kada ki ɗauka muna cikin baƙin ciki. Wallahi tun da muka yi aure ban ji daɗin zama da shi kamar kwanakin nan ba. Ya koma cin abinci, har da ƙari. Jiya bayan magariba ya ɗauki ɗaya daga cikin littattafaina, karo na farko a rayuwarsa, ya karanta babi biyu, ya ɗago ya tambaye ni wai shi jarumin nan ba ya zuwa aiki ne, kullum yana ƙofar gidan yarinya. Na ce ya ajiye mini kayana tunda bai san daɗinsu ba. Mun yi maganar abin da zai biyo baya. In an sallame shi, akwai ɗaki biyu a gidan Yayansa, kuma hannunsa na gyara duk abin da ke da waya a ciki. In Baba Likita ya yafe, falillahil hamdu. Ni dai addu'arki nake nema, ba faɗa ba. Faɗan ki ajiye mini sai kin zo, na san ba zai lalace ba.

Ki gaishe mini da Abban yara, ki ce na gode da maganin da ya aiko wa Mama. Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce Anti ta ga hoton haƙoran da suka fita. Gaisuwa ta musamman ga Gwaggo da Baffa, da Inna Ƙarama in ta dawo, da maƙwabciyarki mai yawan dariyar nan da ke karɓe miki waya. Mama da Kawu suna gaishe ku, Mama ta ce ki daina aiko mata takalmi mai tsini.

Na gaya wa Injiniya da safen nan kafin ya fita. Ranar Litinin da ƙarfe tara za mu shiga wurin Baba Likita tare, daga nan mu wuce ofishin lauya da littafin. Zan ce ni na rubuta shi, a gidanmu, kuma ni na tsallake layi ukun.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Autar Mama